Haruffan i da j sun sa ina son barin siri D

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗaliba ce a ajin tarminal D, wato ajin ƙarshe na ɓangaren kimiyya, a wata lise a nan Maraɗi, bana zan zauna jarrabawar bak, ta gama lise, in Allah ya kai mu. Tun ina firamare ban taɓa jin tsoron lissafi ba, amma fizik ta bana ta tsaya mini a wuya, musamman haruffan nan i da j da k masu kibiya a kai. Na daɗe ina ganinsu ina wucewa da hadda, yanzu haddar ta daina fitar da ni. A dabuwar da ta wuce, wato gwajin aji, 6 bisa 20 na samu. An ba mu 3i + 4j aka ce mu nemo tsawonta, na rubuta 7. Da mushe, malaminmu na fizik, ya zo raba takardu sai ya karanta amsata a gaban aji, ya ce wanda bai gane wannan ba gara ya koma siri A, ɓangaren adabi, tun da wuri. Aka yi dariya. Tun ranar ban sake ɗaga hannu ba.

Babana ɗan kasuwa ne, bai yi boko ba, amma shi ya tsaya kai da fata in ci gaba da karatu. Har wani ɗalibin jami'a yake biya jaka goma duk wata yana zuwa gida yana koya mini, shi kuma sai dai ya jera mini ƙa'idoji ya ce in haddace. Yayana da ke karatu a Zariya ya turo mini takardunsu ta WhatsApp, sai na ga nasu i da j ɗin hula ce a kansu ba kibiya ba. A darasin lissafi kuma an ce i sau i daidai yake da −1. To wanne ne gaskiya?

Har yau ban nuna wa Baba takardar ba, tana ƙasan akwatina. Burina in zama likita, amma yanzu gani nake kamar kaina ba na kimiyya ba ne. In ce wa Baba ya daina asarar kuɗinsa in nemi komawa siri A? Ku taimaka mini da shawara.

Wata ɗiyarku, daga Maraɗi.

Wa alaikis salam wa rahmatullah, ɗiyata. Na karanta wasiƙarki a natse, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne takardar nan da ke kwance a ƙasan akwati. Na san nauyin da take miki duk lokacin da kika buɗe akwatin za ki ɗauki kaya. Za mu zo kanta, da maganar Baba da ta mushe. Amma bari mu fara da 7 ɗin nan, domin ita ce ta jawo duk sauran, kuma ina son ki ji daga bakina cewa ba amsar marar ƙwaƙwalwa ba ce. Amsar mai lissafi ce wadda ba a taɓa gaya mata mene ne i da j ba. Kin ɗauke su kamar x da y da kika saba, wasu lambobi ne da suka ɓuya ana nemansu. Su kuwa ba lambobi ba ne, ba a kuma neman su. Kowanne daga cikinsu hanya yake nunawa.

In kika sauka gidan da ba ki sani ba lokacin salla, kika tambayi matar gida ina alƙibla, hannu kawai za ta miƙa miki. Ba za ta ce miki kilomita kaza ba ne zuwa Makka, ke ma ba shi kika tambaya ba. Abin da ta ba ki fuska ce zalla, babu nisa a ciki. To masu fizik suna buƙatar yadda za su rubuta wannan miƙa hannun a kan takarda, sai suka yi yarjejeniya: a zana 'yar kibiya mai tsawo ɗaya cif, ba ƙari ba ragi, aikinta kawai ta nuna inda aka dosa. Duk kibiya mai nuna tsawo da fuska vekta ake ce mata, wannan kuwa ita ce vekta mai tsawo ɗaya. Wadda ta kalli gabas a kira ta i, wadda ta kalli arewa a kira ta j, wadda ta kalli sama a kira ta k. Saboda haka in kin ga 3i, ki karanta shi da Hausarki: taku uku gabas. In kin ga 4j, taku huɗu arewa. Lamba ce ke faɗin nawa, harafi yana faɗin ina. A nan zan riƙa rubuta su ba kibiya saboda waya ba ta ba ni dama, amma ke a kayenki kada ki taɓa barin su haka.

Yanzu ina son ki ajiye wayar ki fita tsakar gida. Ki samu sanda ko kara guda ki mai da shi ma'auninki. Ki aje dutse inda kike tsaye, ki auna kara uku zuwa gabas, ki yi alama a ƙasa, daga nan ki juya arewa ki auna kara huɗu, ki aje wani dutsen. Sai ki ɗauko igiyar shanya ki miƙe ta daga dutsen farko zuwa na biyu, ki auna ta da wannan karan. Biyar za ki samu. Ƙafarki ta yi tafiyar bakwai, wannan gaskiya ne, kuma ita ce amsar da kika ba mushe. Sai dai shi ba tafiyar ƙafa ya tambaye ki ba, tazarar da ke tsakanin inda kika tashi da inda kika tsaya ya tambaya, wato tsawon igiyar. Gabas da arewa sun haɗu a kusurwa mai digiri 90, don haka ƙa'idar Fitagoras da kika sani tun kwaleji ce ke aiki: 3 sau 3 tara, 4 sau 4 goma sha shida, a haɗa ashirin da biyar, lambar da za a ninka da kanta ta ba da 25 kuwa ita ce 5. Magina da yawa da wannan uku, huɗu, biyar ɗin suke daidaita kusurwar ɗaki kafin su haƙa tushe. Alamar + da ke tsakanin 3i da 4j ba ta ce ki tara 3 da 4 ba, cewa ta yi ki yi wannan tafiyar sannan ki ɗora waccan a kanta. Na dage ki yi shi da hannunki a ƙasa saboda gani ya kori ji, kuma abin da igiya ta nuna miki ba zai gudu daga kanki ba ranar jarrabawa.

Wataƙila ki ce, to me ya sa ake wahalar da mutane da wannan rubutu? Saboda yana mai da aiki mai wuya ya koma tarawa da ɗebewa. Ki ɗauka amalanke ta maƙale a yashin gulbi, samari biyu suka ɗaura mata igiya suna ja, kowanne da ƙarfin niyuton 50 (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi), amma ɗaya ya karkata hagu, ɗaya ya karkata dama. In muka ce i tana kallon gaban amalanke, j tana kallon hagunta, jan na farko zai iya zama 30i + 40j, na biyu 30i − 40j. Ki tara masu i da masu i, masu j da masu j, kada ki gauraya su. Masu i sun ba da 60i. Masu j kuwa, 40 da −40, sun cinye juna. Ke nan amalanke niyuton 60 kawai take ji zuwa gaba, ba 100 ba, sauran ƙarfin ya tafi a jayayyar hagu da dama. Ba ki buƙaci kalkuleta ba, ba ki auna kusurwa ba. Ki kuma lura da alamar ɗebewar nan, domin tana cin makin ɗalibai sosai: −40j ba ta nufin ƙarfin ya gaza sifili, tana nufin 40 ne amma ya juya wa j baya. Tsawon vekta ba ya taɓa zama ƙasa da sifili. In kika ga amsarki ta tsawo ta fito da alamar ɗebewa, ki koma ki duba, akwai inda aka zame.

Akwai tambayar da ake yawan yi wadda nake zaton za ki haɗu da ita: a ba ki vekta a ce ki nemo vekta mai tsawo ɗaya da ke kallon inda take kallo. Ki raba ta da tsawonta, shi ke nan. Tamu 3i + 4j tsawonta 5, in an raba sai ta koma 0,6i + 0,8j. Ki gwada ta: 0,6 sau 0,6 ya ba da 0,36, sannan 0,8 sau 0,8 ya ba da 0,64, a haɗa 1 cif. Fuskar ba ta sauya ba, tsawon ne aka rage ya dawo ɗaya. Ki mai da wannan gwajin ɗabi'arki, domin shi zai gaya miki ko kin yi daidai tun kafin mai gyara ya gani. Kuma irin wannan vekta ba ta ɗaukar mita ko niyuton a bayanta, tunda mita ce aka raba da mita.

Ga wadda za ki ji daɗin lissafawa. Mu a nan mun saba cewa mun kalli gabas in za mu yi salla, amma alƙiblar Maraɗi ba gabas ce tsantsa ba, ta ɗan karkata arewa da kusan digiri 19. Vekta mai tsawo ɗaya da ta yi kusurwa da i, kason i ɗinta shi ne cos na kusurwar, kason j kuma sin. Ki danna a kalkuletarki, ki tabbata tana kan digiri, za ki samu kusan 0,946i + 0,326j. Wannan shi ne hannun da matar gida ta miƙa miki, an rubuta shi da biki a kaye. Ki ninka kowace lamba da kanta ki tara, za ki ga sun tashi 1, ban da ɗan burbushin da taƙaita lambobi ya bari.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi komai amfani a fizik ta tarminal, kuma shi ne ba a cika tsayawa a faɗa wa ɗalibai ba. Na ce miki i gabas ce don ki samu wurin kamawa, amma ba dole ba ne. Ke ce mai zaɓar inda i za ta kalla. Sharaɗin kawai shi ne i da j su yi kusurwa mai digiri 90, kowacce tsawonta ɗaya, kuma in kin zaɓa ki tsaya a kan zaɓinki har ƙarshen aikin. In aka ba ki buhu yana zamewa a kan katakon da aka jingina a bayan mota, mai wayo ba ya barin i a kwance. Yakan kwantar da ita a jikin katakon tana kallon gangare, j kuma ta tsaya a kan katakon kamar ƙusa. Nauyin buhun, wanda kullum ƙasa yake ja, sai ya rabu gida biyu: mg sin α a wajen i, shi ne ke zamar da buhun, da −mg cos α a wajen j, shi ne ke danne shi a jikin katako. A nan m yawan kilon buhun ne, g jan ƙasa, α kuma kusurwar da katakon ya yi da ƙasa. Na tabbata an ba ki waɗannan biyun ki haddace. In kin zana katakon da kibiyoyinki, ba sai kin haddace ba, zanen zai gaya miki.

Haka abin yake a darasin jifa. Yaro ya harba ƙwallo da gudun mita 10 a daƙiƙa, ta tashi a karkace, gudunta na farko 8i + 6j, inda i ke kwance a ƙasa, j ke kallon sama. Ki gwada tsawon: 64 da 36 ɗari, wato 10. In muka ajiye maganar iska a gefe, abin da ke taɓa ƙwallon nan tana sama shi ne jan ƙasa kaɗai, shi kuwa −g j ne, babu ko ɗigon i a cikinsa. Saboda haka 8 ɗin nan ba abin da zai same ta, tun tashi har sauka 8 ce. Amma 6 tana raguwa: in an ɗauki g a matsayin 10 kamar yadda ake yi a tambayoyi da yawa a madadin 9,8, cikin daƙiƙa 0,6 ta ƙare, ƙwallo ta kai ƙololuwa a tsayin mita 1,8, ta juyo. Hawa da sauka daƙiƙa 1,2, a ninka da 8, ƙwallo ta faɗi mita 9,6 daga ƙafar yaron. Kin ga tambaya ɗaya mai ban tsoro ta rabu ta zama ƙananan tambayoyi biyu da ba ruwan ɗaya da ɗaya. Galileyo ne ya nuna wannan rabuwar tun a 1638, tun ba a fara rubuta i da j ba. Haruffan sun zo daga baya ne suka sauƙaƙa rubuta ta.

Sai maganar hular yayanki. Shi da mushenki duk gaskiya suke faɗa. Makarantun da ke bin tsarin Faransa, irin namu, kibiya suke ɗorawa a kan harafi. Littattafan Ingilishi da ake karantawa a Najeriya sukan sa 'yar hula a kan vekta mai tsawo ɗaya, ko su rubuta harafin da kauri. Za ki ma ga inda mu muke sa waƙafi mu rubuta 0,6, su ɗigo suke sawa. A wasu littattafan kuma za ki tarar da u ko e da ƙaramin x a gindinta a madadin i. Duk abu ɗaya ne. A jarrabawa ki rubuta yadda ake rubutawa a ajinku, domin masu gyaran bak da shi suka saba.

Shi kuwa i na darasin lissafi, wanda in an ninka shi da kansa ya ba da −1, wani ne daban, sunansu ne ya zo ɗaya. Tambayarki ta yi ma'ana, domin a tarihi suna da dangantaka. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Ailan mai suna Hamilton ne a 1843 ya ƙirƙiro wani tsarin lambobi mai i da j da k, kowanne in an ninka shi da kansa −1 ne. Bayan kusan shekara arba'in, Gibbs a Amurka da Heaviside a Ingila suka ciro abin da masu fizik ke buƙata daga ciki, suka gina lissafin vekta da kike koya yau, haruffan suka biyo su amma aikinsu ya sauya. Akwai ma na uku: a darasin lantarki i shi ne ƙarfin wutar da ke bin waya. Harafin k kuma zai fito miki a darasin sifirin yana nufin taurinsa, har ki ga −kx da i mai kibiya a layi ɗaya. Abin da zai raba miki su shi ne kibiyar. Mai kibiya fuska ne, marar kibiya lamba ce. Shi ya sa na ce kada ki yi wasa da ita, kuma kada ki taɓa rubuta alamar daidai tsakanin abu mai kibiya da lamba tsura. In kin fahimci wannan, ranar da aka kawo muku u a dokar jan taurari, ko T da N a motsin kewaya, za ki gane su nan take: 'yan uwan i da j ne, sai dai su suna juyawa tare da abin da ke tafiya.

Mu dawo kan mutane, ɗiyata. Abin da mushe ya yi bai kyautu ba, ba zan yi miki kwana-kwana ba. Karanta kuskuren ɗaliba a bainar aji don a yi dariya ba koyarwa ba ce, kuma ya raina siri A ba gaira ba dalili, alhali daga can lauyoyi da malamai da 'yan jarida suke fitowa. Kina da haƙƙin jin zafi. Amma ki sani malamin da ke da aji cike maƙil, ga manhaja mai tsawo, ga bak tana matsowa, wani lokaci gajiya da fargaba ke sa ya yi magana da kaifi yana zaton zaburarwa ce. Wannan ba ya wanke shi, amma yana nuna miki ba lalle ya yanke hukunci a kanki ba ne, mai yiwuwa ma ya manta da maganar ke kina nan kina ɗauke da ita. Shirun da kika yi a aji ke yake cuta, ba shi ba. Shawarata ki sake yin dabuwar nan gaba ɗaya a gida, da zane a gefen kowace tambaya, ki same shi bayan an tashi, ke da ƙawarki ɗaya, ki gaishe shi ki ce: Mushe, na sake yin aikin, ina roƙon ku duba mini ko na gane. Da wuya malami ya ga haka zuciyarsa ba ta yi laushi ba. In kuwa ya ci gaba da muzanta ki a gaban mutane, to a nan ki sanar da Baba ko Yaya su yi magana da hukumar makaranta cikin mutunci. Kada ki tsaya cacar baki da shi a aji.

Mai koya miki a gida kuma, kada ki yi saurin cewa a sallame shi. Yawanci yadda aka koya wa mutum haka yake koyarwa, kuma yana iya yiwuwa ke ma ba ki taɓa ce masa ba ki gane ba, kina gyaɗa kai saboda kunya. Ranar da zai zo, ki riga shi shiri. Ki buɗe kaye mai gida-gida, ki ce masa: Malam, yau kada a ba ni ƙa'ida, ni zan zana kowace vekta in faɗa muku abin da take nufi, ku kuma ku tsayar da ni inda na kauce. Ki sa biki ja ga duk abin da ke wajen i, shuɗi ga na wajen j. In ya karɓi wannan tsarin, jaka goman Baba ta sami wurin zama. In kun yi wata guda yana nan kan a haddace kawai, to da muguwar rawa gara ƙin tashi, sai a nemi wani, ko ku haɗu ku uku ko huɗu 'yan ajinku mata ku riƙa aiki tare a gidan ɗayanku da yamma, kowacce ta tashi ta yi bayani da bakinta. Yayanki ma ki gode masa, ya yi abin da ɗan uwa ke yi. Ki ce masa ya daina turo shafuka, ya riƙa turo miki tambaya ɗaya a rana, ke kuma ki mayar masa da bayani ta saƙon murya da Hausa. Duk inda harshenki ya sarƙe, nan ne ba ki gane ba tukuna.

Sai Baba. Mutumin da bai shiga aji ba amma ya tsaya ɗiyarsa ta kai tarminal, yana cire jaka goma daga cinikinsa duk wata, ba maki 6 ne zai karya masa zuciya ba. Abin da zai yi masa ciwo shi ne ya ji labarin daga bakin wani, ko ya gani a takardar sakamakon zango, ya gane kin ɓoye masa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗan kasuwa ya san akwai ranar riba akwai ranar faɗuwa, kuma ya fi kowa sanin cewa faɗuwar da aka gano da wuri ita ake iya gyarawa. Ki zaɓi lokacin da ya ci abinci ya huta, in kina jin nauyi ki fara gaya wa mahaifiyarki ta zauna tare da ku. Ki kawo takardu biyu, tsohuwar da wadda kika sake yi, ki ce: Baba, na faɗi a wannan, na gano inda matsalar take, ga abin da nake yi a kai. Kada ki ce masa kuɗinsa asara ne. Hukuncin kuɗinsa nasa ne, naki shi ne ki gaya masa gaskiya. In ya yi faɗa, ki yi haƙuri ki saurara, na ɗan lokaci ne.

Game da komawa siri A, amsata a yanzu ita ce a'a. Ba don siri A ƙasa take ba, sai don dalilin da zai kai ki can ba son ta ba ne, gudun dariyar rana ɗaya ne. Ga shi shekara ta riga ta fara, za ki tarar da darussan da 'yan can suka daɗe suna ginawa, ki bar lissafin da kike da ƙarfi a kansa, ki kuma rufe ƙofar likitanci da hannunki. In da kin ce mini adabi da tarihi da falsafa ne ke hana ki barci saboda so, da wata magana zan yi miki. Ki ba kanki daga nan zuwa ƙarshen zangon nan kina aiki yadda na bayyana. In lokacin ya yi kika ga zuciyarki da gaske ta karkata wani wajen, sai ku zauna da Baba da hukumar makarantarku a duba abin da zai yiwu, da idonki a buɗe.

Kuma ki cire wa ranki cewa akwai wani kai na musamman da aka halitta don kimiyya wanda ke ba ki da shi. Abdu Mumuni da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa malamin fizik ne, a Tasawa aka haife shi a 1929, nan cikin jiharmu, kuma ya yi suna a binciken amfani da hasken rana. Shi ma akwai ranar da ya fara ganin kibiya a kan harafi. Likitancin da kike buri ma ba zai raba ki da vekta ba. Takardar awon zuciya da ake ciro wa majinyaci a asibiti, mai layuka masu hawa da sauka, kowane layi yana nuna kason wutar zuciya ne ta wata fuska da aka zaɓa, kamar yadda kika ciro 8 da 6 daga gudun ƙwallo. Likita yana duba su ya gane inda wutar zuciyar ta dosa. Abin da kike fama da shi yau kayan aikinki ne na gobe in Allah ya yarda.

Ga aikin da na ba ki kafin Juma'a mai zuwa. Ki ɗauki 5i − 12j. Ki zana ta a kaye mai gida-gida tukuna kafin ki taɓa lissafi, ki faɗa da baki taku nawa ne kuma ina aka dosa, sannan ki nemo tsawonta, ki fitar da vekta mai tsawo ɗaya da ke kallon inda take kallo, ki yi mata gwajin nan ki ga ko ta tashi 1. Ki rubuto mini abin da kika samu, ki kuma gaya mini yadda kuka yi da Baba. Allah ya buɗa miki, ya ba ki sa'ar bak, ya saka wa mahaifinki da alheri.